Haƙoran Aurèle

Lamèque, cikin Nuwamba

Yayata Florine,

Gaisuwa mai yawa da kewa, tare da fatan ke da Normand kuna cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar taki? Ina fata kin daina hawa benen nan da kaya a hannu kamar yadda likita ya ce, ko da yake na san ki da kunnen ƙashi.

Na yi saurin rubuto miki ne kafin labari ya iso Montréal ta bakin wani. Za ki ji an ce ni da Aurèle mun rabu. Kada ki zubar da shayinki, ba gaskiya ba ne. Amma ki riƙe a cikinki, ko Normand kada ya ji.

Kin san halin da bakin mijina yake ciki tun da ƙarfen jirgin kamun ƙaguwa ya zubar masa da haƙoran gaba. Sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya. Yanzu 'yan tsirarun da suka rage ba sa tauna komai, sai dai su hana shi barci. Da aka fito da shirin nan na gwamnati, wanda ake yi wa marasa inshora aikin haƙori, na ce to, Allah ya kawo mana sauƙi. Na buga waya da kaina. Yarinyar da ta ɗauka, da muryarta mai zaƙi, ta ce ai Aurèle ba ya ciki, saboda fanshon da nake karɓa na aikin wanki a asibiti yana da inshora, inshorar kuma ta haɗa da miji. Na ce mata, “'Yar nan, inshorar tawa wankin haƙori take biya da ciko. Me za a wanke wa mutumin da ba shi da abin wankewa?” Ta ce ta fahimta, amma ko na cire sunansa, muddin yana da damar shiga a matsayin mijina, ba ya ciki.

Abin da ya ƙona min rai shi ne facalata Noëlla, matar marigayi Léo, wan Aurèle. Matar da ba ta taɓa tashi da asuba don aikin kowa ba, ita ta cancanta, don ba ta da inshorar komai. An yi mata haƙoran sama da ƙasa, sababbi fil. A coci sai ta riƙa buɗe baki tana waƙa kamar ita kaɗai Ubangiji yake sauraro. Ni da na ƙare ƙuruciyata cikin tururin zannuwan marasa lafiya, ladan da na samu shi ne na zama katanga tsakanin mijina da haƙoransa.

Sai dabara ta zo min. In muka rabu, ya koma wani gida, muka rubuta haka a takardar haraji ta bazara, ya fita daga inshorata ke nan, ya shiga ta gwamnati. Da an gama aikin sai mu ce mun shirya. Da farko ya ƙi. Ya sa hannu ya rufe baki yadda ya saba, ya ce, “Guette, ƙarya fa ke nan.” Na ce, “Ƙaryar da za ta sa ka ci nama. Kai dai ka bar min, ni zan yi magana.” Kin san a ƙarshe yadda na ce haka ake yi.

Matsalar ɗaya ce, wurin zama. Babu ɗakin haya mai sauƙi a tsibirin nan sai ɗakin ƙasa na gidan Noëlla. Ba ta san gaskiyar ba, don in ta sani, garin duka ya sani. Ni na shirya masa akwatinsa, na sa masa ƙaramin injin niƙa abinci. Zai riƙa leƙo ni ta ƙofar baya da rana.

Ki gaida Normand da jikokinki. Ki sa mu a addu'a, ko da yake ban san ko irin wannan ana kai ta gaban Allah ba.

Ƙanwarki,
Huguette

Lamèque, cikin Fabrairu

Yaya Florine,

Ina gaishe ki da kyau. Wasiƙarki ta iso, da safar ulun da kika saƙa, na gode. Na ji daɗi da tarin Normand ya lafa. Faɗan da kika yi min kuma na karanta, ba sai kin maimaita ba.

Garin nan ya yarda da rabuwarmu fiye da yadda na so. Na zaci mutane za su yi mamaki, su ce haba, Huguette da Aurèle? Ko mutum ɗaya bai ce ba. Mai gyaran gashi ma cewa ta yi, “Ai ya yi haƙuri da yawa.” Ta ga fuskata a madubi, ta ce wai ni take nufi.

A coci yanzu yana zama a ɓangaren hagu, ni a dama. Zawarawan garin kuwa sun farka. Wannan ta kai masa farfesun kaza da dankali, waccan ta kai masa miyar kifi, duk an dafa luguf saboda bakinsa. Shekara talatin da ɗoriya ina niƙa wa mutumin nan abinci ba wadda ta ce min sannu.

Zuwansa ta baya ma ya ƙare, kuma ni na hana. Dusar ƙanƙara ba ta rufa wa kowa asiri. Maƙwabciyata Madam Gauvin ta tare ni wajen akwatin wasiƙu ta ce, “Huguette, wani mai manyan takalma yana yawan bi ta bayan gidanki. Ko dai kin yi sabon kamu ne?” Na yi dariya, amma na tuna ɗanta a ofishin gwamnati yake aiki a Bathurst. Ran nan na ce wa Aurèle kada ya sake zuwa sai an gama. Ya dube ni ya ce to. Na so a ce ya yi min gardama ko kaɗan.

Shekaranjiya na haɗu da Noëlla a kanti. Ta dafa hannuna, ta buɗe min fararen haƙoran nan na gwamnati, ta ce, “Kada ki sa damuwa a ranki, 'yar'uwa, yana cin abinci sosai. Har ya yi kumatu.” Na ce, “Madalla. Ki kula da gishiri, hawan jini gare shi.” Ta ce, “Ai ya gaya min.” Ya gaya mata! Mutumin da in an tambaye shi sunansa sai ya waiwayo ya dube ni.

A kwandonta na ga garin kofi irin wanda yake so, babban gwangwani. Na dawo gida na ɗauki shebur na kwashe ƙanƙarar ƙofata ni kaɗai, ina jiyo ƙarar injin kwashe ƙanƙara na marigayi Léo daga can ƙasan layi, Aurèle yana share wa Noëlla hanyar mota. Ban ɓoye miki ba, Yaya, kishi nake ji. Kuma ba ni da wanda zan kai wa ƙara, don ni na ɗauke shi na kai mata.

Saura takardar haraji, sai a nemi katin shiga shirin gwamnatin. Ina daurewa.

Taki,
Huguette

Lamèque, cikin Yuni

Yayata,

Da fatan zafin birni bai dame ku ba. Mu nan iska ce kawai daga teku, jiragen ƙaguwa sun kusa gama kakarsu. Ki yi wa Normand barka da sallama daga asibiti.

An ba shi katin. Ba daga bakinsa na ji ba, daga bakin mai gyaran gashi. Shirin ya ɗauki nauyin cire ragowar haƙoran da yin na roba gaba ɗaya, har da gyara in sun yi sako-sako. Noëlla ce ta tuƙa shi zuwa wurin likitan, ita ta zauna jira, ita ta dawo da shi da auduga a baki. Ni ina nan ina goge tagar da ba ta da datti don in ga wucewar motar.

Na ga haƙoran ranar Asabar. Na tsaya a bakin tashar jiragen ruwa zan sayi kifi, ban fito daga mota ba, sai na hango maza sun yi da'ira suna ƙyaƙyata dariya. A tsakiyarsu wani ne yake ba da labari, yana wasa da hannuwa biyu. Sai da ya juyo na gane mijina ne. Hannuwa biyu, Florine, ba ɗaya a kan baki. Ya yi dariya har na ga dasashinsa. Kin tuna shi a wurin rawa a Caraquet, shekarar da ya fara zuwa gidanmu Baba ya hana shi kujera? Shi ne ya dawo, da furfura.

Ya kamata in yi murna, kuma na yi, na ɗan lokaci. Daga nan sai na shiga lissafin waɗanda suka riga ni gani: likita, Noëlla, masunta, har yaran makaranta. Ni da na ƙulla abin, a layin ƙarshe nake, ta gilashin mota.

Yanzu bakinsa ba ya rufuwa. Fada, limamin cocinmu, ya sa shi karatu a coci ranar Lahadi, ya tsaya gaban jama'a ya karanta ba gargada, matan hagu suna gyaɗa kai. Duk shekarun nan ni nake yi masa magana, a banki, a asibiti, a gidan abinci, don kada a ce “me ka ce?” ya ji kunya. In ya yi gunguni ni nake fassarawa. Ban taɓa ganin nauyin hakan ba.

Na kira shi a waya na ce to, buƙata ta biya, yaushe za mu ce mun shirya? Ya ce likita ya ce dasashi yana motsewa bayan an cire haƙori, sai an sake gyara robar nan da wasu watanni, in ya dawo yanzu katin ya mutu. “Mu bari zuwa kaka, Guette.” Maganar gaskiya ce, na bincika. Amma a bayansa ina jin ƙarar cokula da rediyo, da muryar Noëlla tana tambaya ko a zuba masa ƙari.

Ki gaya min, ke da kika fi ni hankali, mace tana iya ƙwace mijin da aka ba ta ajiya alhali ba ta ma san ajiya ce ba?

Ƙanwarki mai kewarki,
Huguette

Lamèque, cikin Satumba

Yaya Florine,

Ina gaisuwa. Ina fata kowa lafiya.

An yi masa gyaran tun makon jiya, bai ce min komai ba. Ranar Lahadi aka yi taron cin masara na coci, aka jera tebura a fili, manyan tukwane suna tafasa. Na je da niyyar in zauna nesa. Sai ga shi a teburin tsakiya, ya riƙe masara da hannu biyu yana gaggatsa, man shanu yana bin haɓarsa. Noëlla ta ɗauki tsumma ta miƙa masa ba ta ko dube shi ba, shi ma ya karɓa bai duba ba. Da rungumarsa ta yi a gaban mutane da bai yi min zafi kamar wannan ba.

Na tashi na je na ce ina son magana da shi. Muka zagaya bayan zauren, wajen tulin ɓawon masara.

Na ce, “An gama gyara. Yau za ka kwaso kayanka.”

Ya ce, “Guette, ki bari mu zauna mu yi magana a natse.”

Na ce, “Babu wata natsuwa. Ko ka dawo, ko gobe in buga wa ofishin nan waya in ce ƙarya muka yi, ba mu taɓa rabuwa ba. Su karɓi haƙoransu, in ga da me za ka yi wa matar wanka murmushi.”

Na san abin da na faɗa ba kyau, kuma a lokacin har zuciyata nake nufi. Bai yi fushi ba. Ya goge hannunsa a wando ya ce, “Noëlla matar Léo ce, kuma har gobe haka take a wurina. Babu komai tsakaninmu. Abu ɗaya ne, in ta tambaye ni abu, tana jira in amsa.”

Na ce ai saboda shi nake amsawa, don in rufa masa asiri. Ya ce ya sani, kuma ya gode, har ransa. Sai ya ce, “Amma in kin buga wayar, me za ki ce musu? Su zo su duba mana. Gidana daban, tukunyata daban, rabona da ɗakinki tun sanyi. Da farko ƙarya ce. Yanzu ban ga ƙaryar da ta rage a ciki ba.”

Na tambaye shi ko yana nufin ba zai dawo ba. Ya ce bai sani ba, amma ba yanzu ba, yana jin daɗin jin muryarsa. Kowace kalma ta fito sarai, Florine, ba wadda na buƙaci a maimaita min.

Ya koma teburin. Noëlla ta rufe masa masararsa da faranti don kada ta huce. Ya buɗe ya ci gaba da ci.

Ban buga wayar ba, kuma ba zan buga ba. Wallahi na gwammace a ce son Noëlla yake yi. Da na san da wa nake faɗa, da na je har ƙofarta na yi abin da za a daɗe ana labari. Yanzu kishin yana nan daram, ba ni da inda zan sauke shi.

Ɗazu Madam Gauvin ta leƙo da tuffa daga bishiyarta. Ta zauna, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce ita fa tun farko ba ta yarda ba, in gaya mata tsakani da Allah, da gaske mun rabu? Na ce mata e, mun rabu. Kusan shekara ina faɗar wannan magana, yau ne kawai ban yi ƙarya ba.

In ɗakin baƙinku ba kowa, ina so in zo in yi kwana biyu. Ki gaida Normand, yanzu kina iya gaya masa.

Ƙanwarki,
Huguette