Malam, Auta Ya Yi Rubutu a Kan Rawar Hannu

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinka. Na san babu mai kai maka takardar nan, amma bakina na ƙaiƙayi, kuma kai kaɗai na saba yi wa tambayar banza ka saurara.

Gida lafiya. An saki ruwan dam da wuri bana, tumatirin gonarka ta Kadawa ya yi kyau, har an fara ɗiba. Tsofaffin jaridun da kake saye don rufe bakin kwanduna, yanzu ni ke warware su. Ka tuna yadda kake tsayar da aiki kana karanta shafin masu sharhi, ina mita? To, na gaji halinka. Zaɓe ya matso, kowa da ɗan takarar shugaban ƙasar da ya sa a gaba.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, marubuci guda, a wannan shafi ya mai da ɗan takara waliyyi, a wancan ya kira shi ɓarawo. Da yake a hargitse jaridun ke zuwa, ban san wanne ya fara rubutawa ba. Me ke faruwa a tsakani? Masu sharhin sun taɓa zama da mutanen nan kuwa? An kushe hular wani, an tono garin kakan wani. Ban ga wanda ya tambaye su batun taki ko ciyawar da ta toshe mana hanyar ruwa ba.

Ga inda zancen yake. Autanmu Sadiƙu ya samu shafinsa a wata jarida a Kano. Na yi murna har na raba goro. Shekaranjiya ina warware jaridu sai ga hotonsa. A kan wani ɗan takara mai rawar hannu ya yi rubutu, wai wanda ya kasa riƙe kofin shayi ta yaya zai riƙe ƙasa. An ce mutane sun sha dariya.

Ni ban yi ba. Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Rabin kofin kokon da nake zuba maka a shekarunka na ƙarshe, ba rowa ba ce. Don kada rawar hannunka ta sa ya zube a gaban baƙi ne, ka ji kunya. Ka gane ka yi shiru, ko ba ka lura ba?

Sadiƙu kuwa shi ke saka maka maɓallin riga ranar Juma'a. Mantawa ya yi? Ko in mutum ya ɗauki alƙalami sai ya daina ganin ubansa a jikin uban wani? Tsoro nake ji, Malam, kada aikin nan ya bushe zuciyar yaron.

Zai zo ranar Asabar. Ba zan yi masa faɗa ba. A ɗakinka zan zaunar da shi, in miƙa masa shafin, in ce ya karanta mini da bakinsa. So nake in ji ko muryarsa za ta iya wuce layin nan. In ta wuce lafiya, ban san me zan zo in faɗa maka ba.

Ka huta lafiya, sai mun iso.

Taka har gobe,
Hajara, daga Bunkure