Duwatsun Sikelin Baba

Zuwa ga mahaifina, Alhaji Mamman mahauci,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Baba, na huda duwatsun sikelinka. Gara ka ji daga bakina.

Ka tuna na'urar hangen taurarin nan da na tsinto a kasuwar Black Market, wadda ka ce ta yi kama da bututun murhu? Kanta ya fi gindinta nauyi. Ina ɗora ta a kan ƙafafunta sai ta sunkuya, sau biyu tana neman dungurawa ƙasa da madubinta. Sandar da ke bayanta tana buƙatar ƙarfe mai nauyi da zai riƙe ta, na zaga unguwar Adjame kaf ban samu ba.

Na gwada gwangwanin tumatir cike da siminti. Ya suɓuce ya faɗo min a babban yatsa, na yi sati ina ɗingishi zuwa aiki a tashar jirgin ruwa.

Sai na tuna buhunka da ke ƙarƙashin gadon Inna: duwatsunka na ƙarfe, mai kilo biyar da mai kilo biyu, har yanzu da warin kitse. Wani mai walda a unguwar Treichville ya huda su, ya sa musu noti. Ina tsaye ina kallo, ina tuna ranar da na ƙi teburin fawa ka ce, "Kai hannunka bai san nauyi ba." Maganar nan ta daɗe tana yi min ciwo, ban taɓa gaya maka ba.

Na zura su a sandar, na yi ta matsarwa har na'urar ta tsaya cak. Amma da na murɗa ta don ta bi wata a sama sai ta kama rawa. Na rasa dalili. Can sai na hango ka kana jefa wa mai saye gyara, kana cewa, "Bar shi ya ɗan rinjaya." Na tura mai kilo biyun kamar faɗin yatsa. Rawar ta tsaya.

Jiya bayan magariba Inna ta hau saman bene da faɗa a bakinta kan duwatsun da na huda. Ta kafa ido a na'urar ta ga ramukan wata. Sannan ta shafa dutsen ta ce, "Wannan awon ubanka ne."

Baba, hannuna ya san nauyi, kuma a wurinka ya koya. Na so a ce kana nan ka gani.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa mizaninka ya rinjaya.

Ɗanka mai kewarka,
Habibu