Akuyarka da Ɗunɗun Bature

Daga ƙaninka Sule a Garwa zuwa ga Yaya Mamman a Kuseri. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina iyali, yaya kasuwa? Yaya jikin Inna, da sauƙi? Mu nan kowa lafiya, sai dai magana ɗaya.

Akuyar da ka bar mini amana tana hannun Baturen Jamus na bariki. Ka san ɗunɗu, ƙayar nan da muke sarewa a gona mu ƙona? To, shi Baturen ya sa aka haƙo daga daji aka jera masa a ƙofar gida, wai furensa yake so. Har ruwa ake ba shi safe da yamma. Da rani ya kama ganyen ya zube, sai sojansa ya ga akuyar tana kiwo a kusa, ya ɗaure ta, wai ita ta cinye ganyen.

Na je na ce wa tafintan Baturen, "Malam, ɗunɗu kowace shekara haka yake kakkaɓe ganye." Ya shiga ya fito ya ce, "Wai in gaskiya ne, ranar da ya toho ka zo ka karɓi akuyarka. In bai toho ba, ta zama nama."

Yaya, har yau ban gane ba. Wane irin mutum ne ke tsaron ƙaya da bindiga? Ga shi akuyar tana da ciki.

Ka sa malamai su roƙa mana ruwan farko ya sauka da wuri. Ka gaida Inna da yara duka. Wassalam.