Takardar da Kaka ta Dangwala Sau Biyu

Assalamu alaikum Yaya Rabi,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya jikinki, yaya maigidan da su Ummi? Mu nan Zongo kowa lafiya, alhamdulillahi.

Kin san tun da aka fara yaƙin zaɓen 'yan majalisa Baba da Kawu Isa ba sa magana, kowa da jam'iyyarsa. Har kwanon tuwo suka raba.

Ranar zaɓe ni na raka Kaka rumfar zaɓe a tsohuwar makarantarmu. Bayan la'asar muka tsaya bakin taga ana ƙirga ƙuri'u. Yaya, ban taɓa ganin irin wannan ba! Jama'a maƙil, amma shiru kamar ana huɗuba. A ɗaga takarda kowa ya gani, a ja layi da alli a kan allo. Jam'iyyun biyu suna tafiya kankankan.

Sai aka ɗaga wata mai dangwale biyu, aka ce ta lalace. Kaka ta ɗaga murya: "Tawa ce! Ɗaya ta Audu baban Hadiza, ɗaya ta Isa. Wanne zan bari, duk ni na haifa?"

Na rufe fuska da mayafi. Kawu ya ce, "Inna, kin kayar da mu duka!" Baba ya yi dariya har da hawaye.

Sakamako ya fito, har yau ana gardama a kasuwa. Amma jiya Baba ya ce in zuba musu tuwo a kwano ɗaya. Na ɗauko na ajiye musu, suka ci tare.

Ki sa mu a addu'a, Allah ya dawwamar da wannan. Ki gaida Gwaggo da yara.

Ƙanwarki,
Hadiza