Ƙanƙarata da Gishirin 'Yata

Don Allah a taimake ni da shawara, na gaji. Ni ba ɗan boko ba ne, a sakandare na tsaya. Da firiza ɗaya ta aro na fara sayar da ƙanƙara, yau ga ni da ma'aikata da motoci, ban gaji ko allura ba. Ni na ɗauki nauyin karatun 'yata har ta kai neman digirin dakta. Aikinta wai gano siffar wasu sinadarai biyu, furotin ake ce musu, da ke manne da juna a jikin mutum, don a samu hanyar magani. Sai ta sa sun daskare sun zama ƙwaya kamar gishiri, sannan a haska su a wata ƙatuwar na'ura a ƙasar waje. Ni in na zuba ruwa da yamma, da safe ya daskare. Ita shekara da shekaru tana leƙen ɗigon ruwa a madubin ƙara girman abu, shiru bai daskare ba. Abokaina na tsokanata wai in ɗauke ta aiki ta koyi daskarewa. Ina dariya, amma abin na cina.

To yanzu ƙwayar ta fito, kuma layinta a na'urar ya faɗo daidai ranar buɗe sabuwar masana'antata. Na riga na gaya wa kowa ita za ta yanke zare. Na ce ta ɗaga tafiyar, ta ce ƙwayar ba ta jira, layin kuma sai baɗi. Ta ƙara da cewa in na hana, ta fasa. Tun ranar ba ta cin abincin kirki, uwarta kuma ta daina yi mini hira. Ni ne ban da gaskiya?

Mai Ƙanƙara

Malam Mai Ƙanƙara, sannu da ƙoƙari. Son ganin 'yarka a gefenka ranar farin cikinka ba laifi ba ne, ita ma ya kamata ta riƙa yi maka bayanin aikinta yadda za ka iya rufe bakin abokanka. Amma lura, ba ta bijire ba, hukuncin ta miƙa maka. Kai kuma ka fi kowa sanin abin da ake yi da kaya mai narkewa: ba a ajiye shi don biki. Ranar buɗe masana'anta a hannunka take, tata ranar ba a hannunta take ba. Ka ɗaga taka da mako guda, ka kai ta filin jirgi da kanka. Naci irin nata ba a makaranta ta koyo shi ba, wajen mai firizar aro ta gada. Allah ya sanya albarka a aikinku duka.