Na Buga Sunan Baba Mai Fito da Faransanci

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karanta wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku tsine mini ku bari in kai ƙarshe, don duk abin da za ku faɗa mini na riga na faɗa wa kaina.

Ni mutumin ƙasar Hadejia ne, daga wani ƙauye a fadamar Guri. Ina koyar da Faransanci da adabinsa a wata kwaleji, ni kaɗai ne baƙar fata a sashenmu, kuma an ce baɗi za a tura ni Faransa ƙaro ilmi in dawo babban malami. Amma ba a makarantar Nasara na fara jin harshen nan ba. A cikin kwalekwale na ji shi, a bakin wani tsoho da kowa ke kira Baba Mai Fito, wanda ke ƙetarar da mutane in ruwa ya cika fadama ya datse hanya. Wata rana ina dawowa hutu daga makarantar Midil, gorar tuƙinsa ta kafe a taɓo, sai ya saki wani ashar da ba Hausa ba, ba Barbarci ba, ba Fillanci ba. Na dame shi da tambaya har ya gaji. Daga nan ya fara koya mini, yana zana haruffa da yatsa a kan yashin gaɓa, in ya hango wani ya share da ƙafa.

A wajenmu in baƙo ya zo ya zauna lafiya, ba a tambayarsa abin da ya koro shi. Haka Baba ya zauna tun ba a haife ni ba, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya. Sai ranar da zan tafi kama aiki ya tsayar da kwalekwale a tsakiyar ruwa, ya ce mini shi mutumin ƙasar Damagaram ne. Faransawa suka ɗebe shi soja da tilas, wani sajan Bature ya yi wa ƙaninsa bulala har ya suma, shi kuwa ya maka wa sajan gindin bindiga a ka, ya gudu ya tsallako iyaka. Ya ce, "Har yau ban san ko ya tashi ba." Ya gaya mini sunan sajan, sannan ya faɗi garinsu shi Baba, da sunansa na yanka. Ya ce, "Ba don komai na gaya maka ba, ɗan nan. In na mutu, ka matso kusa da kabarina ka yi mini addu'a da sunana na gaskiya. Amana ce." Na ce, "Baba, na ɗauka."

To, a kwaleji ba a ɗaga malami sai ya yi rubutu an buga. Shugaban sashenmu, wani Bafaranshe, ya ce akwai mujalla a Dakar mai buga rubutun baƙar fata, in kawo wani abu. Na yi wata uku ina juya alƙalami, ba abin da ya fito. Rannan na zauna na rubuta labarin Baba, wallahi kamar ana zuba mini shi a kunne. Da farko na sauya sunan. Shugaba ya karanta ya ce, "Ƙage ne ko gaskiya?" Na ce gaskiya ce. Ya ce, "To sa sunansa da garinsa da inda yake, in ba haka ba tatsuniya ka kawo mini." Na sa. Kun san dabarar da na yi wa kaina? Na tuno duk waɗanda nake tsoron su sani, matarsa, 'ya'yansa, dagaci, liman, na ga babu mai jin Faransanci a cikinsu. Na ce abin da aka rubuta da Faransanci a Hadejia ai an binne shi. Ni da nake taƙama da ilmi, ban tuna cewa waɗanda ya gudu dominsu su ne masu harshen ba. Wannan ilmi ne ko jakanci?

An buga, an yaba, aka ɗaga ni. Ina jin kunyar faɗa, amma na ji daɗi, har na riƙa kwana da mujallar a ƙarƙashin matashi.

Watan jiya shugaba ya kira ni yana fara'a. Wai wani jami'i Bafaranshe a Damagaram ya karanta, ya rubuto wa Di'o, Baturen mulki na Hadejia, yana so ya ga tsohon ido da ido, kuma ni zan yi tafinta. Na ce me yake nema? Ya ce wai sha'awar tarihi. Da ya miƙo mini takardar na duba sa hannun. Sunan gidansu ɗaya da na sajan nan. Ɗansa ne? Tarihi yake nema ko fansa? In tarihi ne, me ya kawo Di'o ciki? Ba wanda zan tambaya.

Na nemi izini na taho gida don in gaya wa Baba. Shi ya ƙetare da ni, yana tura gora da ƙyar, ya hana ni karɓa. Ya ce, "Malamin Faransa, yi mini magana ɗaya in ji ko ka lalata abin da na koya maka." Na yi, ya yi dariya har da tari. Na buɗe baki na ce, "Baba, akwai magana." Ya ce, "Na sani, tafiya Faransa. Je ka, amma kada ka daɗe. Ina jin jikina, kuma kai kaɗai ka san sunan da za a kira ni da shi." Na sunkuyar da kai. Mujallar tana cikin jakata, tsakanin ƙafafuna da nasa. Muka kai gaɓa ban gaya masa ba.

In na ce wa shugaba ƙarya na rubuta, aikina da tafiyata sun tafi, kuma ban ga abin da zai hana baƙon zuwa ba tunda sunan ƙauyen yana hannunsa. In na gaya wa Baba, ina zai gudu da tsufan nan, ya bar iyalin da ba su san komai ba? In na yi shiru, ni zan tsaya a tsakaninsu ina juya magana.

An ce baƙon zai zo da zarar ruwa ya ja, mota ta iya kaiwa bakin kogi. Jiya na ga manoma sun fara shiga fadama. Daga bakin kogi zuwa ƙauyenmu kuwa, ko ruwa ya ja, kwalekwale ɗaya ne, kuma Baba ne zai miƙa wa mutumin hannu ya shiga.

Jama'a, don Allah, me zan yi?