Besfar da ta tashi a Birmingham

Old Trafford, Manchester

Zuwa ga Kawu Ɗan'azumi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan ƙafar nan ta yi sauƙi, Allah Ya ƙara lafiya. Mu nan lafiya lau, mai ɗakina Rabi'a tana aikinta a asibiti.

Kawu, abin alfahari ne ya sa na ɗauki biro. 'Yata Inaya, jikarka, wadda ke karatun injiniya a Jami'ar Aston, tana taimakawa a wani gidan tarihi a Birmingham da ya shirya baje kolin baburan Italiya. Da na kai mata ziyara ta zagaya da ni, ta nuna min yadda bayan yaƙin duniya masu ƙera jiragen sama suka koma ƙera ƙananan babura, saboda talaka ya samu abin hawa. Har injin da ake ɗaura wa keke na gani.

Akwai wata tsohuwar Besfa da aka so a tayar ranar buɗewa, ta ƙi. Shugaban wurin, Mista Bartholomew, ya ce a ajiye ta haka kawai. Inaya ta yi sati biyu a kanta, har ta fara cewa wataƙila ba ta dace da karatun ba. A nan ne fa kunya ta kama ni, domin ban taɓa gaya wa yarana cewa shekara shida na yi a garejinka na Ƙofar Ruwa ba. A likita kawai suka san ni. Na cire kwat, na ce ta buga kik in saurari ƙarar injin, kamar yadda ka koya min. Na ce ta bar filogi, ta duba kwantak, ɗan ƙarfen nan mai ba filogi wuta. Da hannunta ta goge shi ta daidaita. Bugu na uku Besfa ta ɗauka, ma'aikata suka yi ta tafi, ita kuwa sai hawaye.

Mista Bartholomew ya tambayi inda na koya, na faɗi sunanka da ƙarfi. Yanzu yana roƙon hotonka da na garejin, a kafa kusa da Besfar, idan ka yarda. Ka yafe min ɓoyewar da na yi, Kawu. Inaya ta ce da hutu za ta zo ka koya mata sauran.

A gaida Inna Habibatu, da Bara'u da iyalinsa.

Ɗanka,
Halliru